Kaspersky ko Avast: wanne zan sa wa kwamfutar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jos, wajen Rikkos. Na sayi laftof ta hannu, RAM gig 4, da Windows 10 a kai. Ni ina aikin ofis da ita, uwargida tana rubuta lissafin sana'arta, babbar 'yata da ke Jami'ar Jos tana yawan kai filas wajen masu buga takardu, ƙananan kuma wasa suke yi. Mai gyara ya sa mini Avast na kyauta, wani abokin aikina kuma ya ce in cire in sayi Kaspersky. Wanne ya fi? Ko in haɗa su duka biyun?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya albarkaci iyali.

Ƙarshen tambayarka shi ne mai sauƙi, don haka da shi zan fara: kada ka haɗa su. Kowace manhajar kariya daga bairos, wato antibairos irin su Kaspersky da Avast, tana kafa kanta ne can cikin Windows, duk fayil ɗin da za a buɗe sai ta tare shi ta duba kafin ta sake shi. In suka zama biyu, aiki ɗaya za a riƙa yi sau biyu, wani lokaci ma ɗaya ta ga motsin 'yar'uwarta ta ɗauka ɓarna ce ta hana ta. Kwamfuta mai gig 4 ba za ta ɗauki wannan ba. Za ka danna Word ka tafi ka yi alwala ka dawo bai gama buɗewa ba, kariyar kuma ba ta ƙaru da komai ba.

A kan zaɓin kuwa, ga matsayina. Idan ka ƙudurta za ka kashe kuɗi, kuma za ka iya sabunta lasisi duk shekara ba fashi, Kaspersky na asali ya fi dacewa da gida irin naka. Idan ba za ka biya ba, ba zan ce ka zauna da Avast ba. Cire shi zan ce ka yi, ka bar Microsoft Defender da ke cikin Windows ɗinka tun farko ya yi aikinsa. Na san ba ka ambace shi ba, amma yana nan a kwamfutarka yana barci, domin da zarar an sa wata manhajar kariya Windows yakan kwantar da shi da kansa.

Mutane sukan ɗauka cewa a wajen kama bairos ne ake samun babban bambanci. A da haka ne, yanzu tazarar ta matse ƙwarai. Akwai cibiyoyi biyu masu zaman kansu da aka fi dogara da gwajinsu: AV-TEST a birnin Magdeburg na Jamus, da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya. AV-TEST tana ba da maki 6 a kan kariya, 6 a kan nauyin da manhaja ke ɗora wa kwamfuta, 6 kuma a kan rashin yi wa fayil mai lafiya ƙazafi, jimla 18. In ka bi sakamakon shekarun baya-bayan nan za ka tarar Kaspersky da Avast da Defender duk a saman jeri suke yawo, yau wannan ya cika maki, gobe ya rasa rabi. Sakamakon a fili yake a shafukansu, kyauta, kana iya dubawa da kanka kafin ka yarda da ni ko da abokin aikinka. Wanda ya ce maka ɗaya tana kama komai ɗayar kuma fanko ce, ko dai labarin shekaru goma da suka wuce yake ba ka, ko kuma yana da kwalin da yake son sayarwa.

To ina bambancin yake? Yana wajen yadda kowane kamfani ke samun kuɗinsa da kai, da kuma wanda ka yarda ya riƙa leƙa cikin kwamfutarka. Manhajar kariya tana ganin duk fayil ɗin da ka buɗe da duk shafin da ka shiga, ba za ta iya aiki ba sai da haka. Saboda haka tarihin kamfanin abin dubawa ne, kuma su biyun kowanne yana da abin da ake faɗa a kansa.

Avast kamfanin Jamhuriyar Czech ne, daga birnin Prague, tushensa tun 1988. A 2016 ya sayi AVG, wani kamfanin manhajar kariya, shi ya sa in ka ga mai gyara yana musun Avast ko AVG, kusan a kan abu ɗaya yake musu, injin bincikensu guda ne. A 2022 kuma ya haɗe da NortonLifeLock aka samu Gen Digital, wanda yanzu Norton da Avast da AVG da Avira duk a hannunsa suke. Tabon da ke jikinsa shi ne na Janairun 2020, lokacin da binciken 'yan jarida ya fallasa cewa wani reshensa mai suna Jumpshot yana sayar wa wasu kamfanoni bayanan shafukan da masu amfani da manhajar ke shiga. An rufe reshen cikin 'yan kwanaki, amma maganar ba ta mutu ba: a Fabrairun 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta sanar da cewa kamfanin zai biya dala miliyan 16.5, ta kuma hana shi sayar da irin waɗannan bayanai don talla. Ban ce yau ma haka suke yi ba. Abin da nake nuna maka shi ne kayan kyauta sai an nemo kuɗinsa ta wata ƙofa. Ƙofar da kake gani da idonka ita ce saƙonnin da ke faɗowa a gefen allo: an gano matsaloli a kwamfutarka, ana iya ganin inda kake, danna nan a gyara. Ka danna, sai a kai ka shafin biyan kuɗi. Kai babba za ka gane talla ce. Yaro ɗan firamare kuwa abin da zai koya shi ne duk jan rubutun da ya fito a danna shi, ko kuma, wanda ya fi muni, duk gargaɗin da ya fito a rufe shi ba a karanta ba. Ranar da gargaɗin gaske ya zo, hannunsa ya riga ya saba.

Kaspersky kuwa na Rasha ne, Eugene Kaspersky da abokansa suka kafa shi a Mosko a 1997. A wajen ƙwarewa ba a raina su, masu bincikensu suna cikin waɗanda duniya ke saurara. Tasu matsalar ta siyasa ce. A Satumbar 2017 Amurka ta hana ma'aikatun gwamnatinta amfani da shi, a Maris ɗin 2022 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta gargaɗi jama'a a kansa bayan fara yaƙin Yukiren, sannan a Yunin 2024 Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta baki ɗaya, sabuntawa ma ta tsaya musu a ƙarshen Satumbar shekarar. Hujjarsu ita ce gwamnatin Rasha tana iya tilasta wa kamfanin ya ba ta bayanai. Kamfanin ya sha musantawa, har ya mayar da sarrafa wani ɓangare na bayanan abokan cinikinsa zuwa Zurich a Suwizalan. Wannan haramci na Amurka ne, bai hau kan mai zaune a Rikkos ba. Lissafin sana'ar uwargida da aikin makarantar 'yarka ba su ne ke hana Mosko barci ba. Sai dai ka ce kana aikin ofis da kwamfutar. Idan aikin naka ya shafi wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje, irin waɗanda ba su da wuya a Jos, ko wata ma'aikata mai takardun sirri, tambayi mai kula da kwamfutocin ofishinku tukuna. In ya ce a'a, Bitdefender na ƙasar Romaniya ko ESET na Sulobakiya za su maye gurbin ba tare da ka yi asarar komai ba.

Abin da ya sa na fifita Kaspersky ga mai biya shi ne, na farko, ba ya damun mutum da yawan surutu kamar na kyauta. Na biyu, yana da wani sashe mai suna System Watcher da ke lura da halayyar manhajoji maimakon kamanninsu kawai. In wata ta fara kulle fayiloli ɗaya bayan ɗaya, yakan tsayar da ita, ya kuma yi ƙoƙarin mayar da abin da ta taɓa yadda yake. A gidan da hannu huɗu ko biyar ke taɓa kwamfuta ɗaya, wannan yana da amfani. Ƙaramin kunshinsu, Standard, ya ishe ka. Plus da Premium ƙarin kaya ne da yawanci ba za ka buɗe ba.

Amma fa da sharaɗi, kuma a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Lasisin ya zama na asali. Lambar kunna Kaspersky tana da yankin da aka yi ta dominsa, wadda aka yi wa wata nahiya tana iya ƙin aiki a nan. Waɗanda ake tallatawa a WhatsApp da Facebook a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba, sau da yawa lamba ɗaya ce aka sayar wa mutane da dama, ta yi wata biyu kamfanin ya toshe ta. Araha ba ta ado. Ka saya a shafin kamfanin ko wajen dillalin da zai ba ka rasit, ka kunna a gabansa, ka ga ranar ƙarewa ta fito a allo kafin ka bar shagon. In a intanet ka biya da kati, duba ko an kunna sabuntawa ta kai tsaye, don kada baɗi a cire maka kuɗi ba ka shirya ba, ga farashin yana bin dala. Mafi haɗari duka shi ne wai antibairos ɗin kansa a sa maka na kirak, wato wanda aka fasa lasisinsa don a yi amfani da shi ba a biya ba. Manhajar da aka ba izinin taɓa ko'ina a kwamfuta, a ce wani da ba ka sani ba ya farke ta ya ɗinke, wannan ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Sharaɗi na biyu shi ne data. Manhajar kariya maigadi ce da aka ba hotunan ɓarayin unguwa: in hotunan na bara ne, ɓarawon bana zai yi mata sallama ya wuce. Kullum ana fitar da sababbin bairos, kamfanonin kuma suna tura bayanansu sau da yawa a rana, wani binciken ma sai da intanet ake yin sa nan take. Kwamfutoci da yawa da ake kawowa gyara suna da antibairos mai babban suna, amma in ka buɗe sai ka ga lasisi ya ƙare tun tuni, ko an kashe sabuntawa don tsimin data. Mai ita kuwa hankalinsa kwance, yana ganin tambarin a ƙasan allo. Defender da ake sabuntawa ya fi Kaspersky da ya mutu, nesa ba kusa ba. Shi ya sa na ce in kana shakkar biyan baɗi, kada ma ka fara. Defender ba shi da lasisin da zai ƙare, tun Windows 8 a 2012 ya zama cikakken antibairos, kuma tare da sabuntawar Windows yake karɓar tasa. Ko sau biyu a mako ne, ka haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarka ka bar ta ta sha.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, domin ƙofofin da cuta za ta shigo gidanka na gan su a cikin tambayarka. Ta farko filas ɗin 'yarka. Kwamfutocin shagunan buga takardu da ke kewayen jami'a, ta Bauchi Road da Naraguta, filas iri-iri ake soka musu daga safe zuwa dare, ba laifin masu shagon ba ne, yanayin sana'ar ne. Abin da aka fi kwasowa shi ne wanda ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a gindi a madadinsu. Tun daga Windows 7 filas ba ya iya kunna manhaja da kansa in an soka shi, don haka bairos ɗin yaudara yake yi: kai za ka danna abin da ka ɗauka fayil ɗinka ne, ka kunna shi da hannunka. Ka gaya mata, in ta buɗe filas ta ga folda da kibiya a gindi, kada ta danna. Fayilolin ba su goge ba, ɓoye su aka yi, bayan an bincike filas ɗin an cire cutar, umarnin attrib -h -r -s /s /d yana fito da su, kowane mai gyara ya san shi. Mafi sauƙi ma ta daina kai filas. Ta mayar da aikin PDF ta tura wa mai shagon ta WhatsApp ko imel, yawancinsu suna karɓa. In dole ne, a ware filas guda na fita waje, wanda ba a ajiye komai mai muhimmanci a kai. Za a ce maka ka sa Smadav, na ƙasar Indunusiya, saboda filas. An yi shi ne a matsayin mataimaki, bai isa ya tsaya shi kaɗai ba, kuma in babbar manhajarka tana samun sabuntawa ba ka da buƙatarsa.

Ƙofa ta biyu ita ce wasannin yara da manhajojin kirak. Laftof ta hannu a kasuwarmu kusan kullum takan zo da Office da wasu manyan manhajoji da ba a biya ba, an kunna su da ƙananan kayan fasa lasisi irin su KMSpico. Don kada antibairos ya cinye su, sai a kashe shi, ko a ware wata folda a ce masa kada ya leƙa nan. Ka shiga saitin kariyar ka duba jerin wuraren da aka ware, in ka ga abin da ba kai ka sa ba ka goge shi. Ta wannan hanya ce bairos mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu ya fi yaɗuwa: yaro ya sauke wasan kyauta, umarnin ya ce a kashe antibairos kafin a sa, ya kashe. Washegari hotuna da takardu duk sun ƙi buɗewa, ga wata 'yar wasiƙa ana neman fansar dala 980, ko 490 in an biya cikin awa 72. Akwai shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da Kaspersky da McAfee suka buɗe a 2016, yana ba da makullan wasu nau'o'in kyauta, amma sababbin nau'in Djvu galibi ba su buɗuwa. Akwai kuma masu satar kalmomin sirrin da aka adana a burauza, su ba sa nuna alama ko kaɗan. A Mayun 2025 Microsoft ta ce ta gano kwamfutoci sama da 394,000 da guda ɗaya daga cikinsu, Lumma, ya kama cikin wata biyu kacal. Babu Kaspersky ko Avast da zai cece ka daga abin da aka kashe shi aka shigo da shi.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Ka buɗe wa yara asusunsu daban a Windows, na talaka, wanda ba shi da ikon sa manhaja ko kashe kariya sai da kalmar sirrinka. Kai kaɗai ka riƙe asusun mai iko. Za su yi ƙorafi mako guda su haƙura. Imel ɗinka da Facebook kuma ka kunna musu tabbaci mai mataki biyu, yadda ko an saci kalmar sirri sai an nemi lambar da ke wayarka.

Sai maganar Windows 10, wadda ta fi zaɓin antibairos nauyi. Microsoft ta daina ba shi gyaran tsaro na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da ke kaiwa 13 ga Oktoba 2026. Antibairos yana kama ɓarawo, amma ba ya toshe ɓarakar da ke jikin Windows kanta. WannaCry da ya ratsa ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta wata ɓaraka ya bi wadda Microsoft ta riga ta fitar da gyaranta tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba. Ka sa a duba maka ko laftof ɗin za ta ɗauki Windows 11. Yana buƙatar TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin na'urar, kuma in firosesar ta Intel ce, sai samfurin zubi na 8 (8th Gen) zuwa sama, abin da yawancin tsofaffin na hannu ba su kai ba. In za ta ɗauka, ka hau. In ba za ta ɗauka ba, ka shiga shirin ƙarin wa'adin in bai ƙare ba, ka fara tanadin wata kwamfutar a hankali, harkar banki kuma ka bar ta a waya.

Af, in nauyi ne ya sa kake zargin bairos, ba lallai ba ne. Ƙurar hunturun Jos tana toshe fanka, kwamfuta ta yi zafi ta rage gudu da kanta. Gig 4 kuma ya yi kaɗan ga burauzar zamani. Da a ce kuɗin abu ɗaya gare ka, tsakanin lasisin shekara da ƙara RAM zuwa gig 8 ko sauya tsohuwar ma'ajiya da SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri, ni na biyun zan ce ka yi, ka zauna da Defender. Za ka ga bambancin a ranar.

Wajen cirewa, kada ka tsaya a goge tambarin kawai. Ka cire Avast ta saitin manhajoji na Windows, in ya bar saura akwai ɗan kayan share shi da kamfanin ya tanada mai suna avastclear. Ka kashe kwamfutar ka kunna, ka buɗe Windows Security ka tabbatar ya nuna kore, alamar Defender ya farka. Daga nan ka sabunta shi, ka zaɓi binciken da ake kira Microsoft Defender Offline, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincike ta kafin Windows ta gama tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Ka yi shi tana jone da wuta ko batir a cike. Tunda ta hannu ce kuma ba ka san inda ta biyo ba, in da hali ma a kwashe fayilolinka a sa mata sabuwar Windows daga shafin Microsoft, a gabanka. Bayan haka ne za ka sa Kaspersky in ka yanke shawarar saye.

Lissafin uwargida da aikin 'yarka kuwa, a yau ɗin nan a yi musu kwafi. Google Drive yana ba da gig 15 kyauta, OneDrive gig 5, takardu ba su da nauyi. Hotunan iyali a zuba su a ma'ajiyar waje, a cire ta daga jikin kwamfutar da zarar an gama a sa a durowa, domin mai garkuwa da fayiloli yana kulle duk abin da ya tarar a jone, har da ita. Uwargida ta riƙa yin nata duk ranar da ta rufe lissafin mako.